Karatun Gaba da Digirin Farko a Fannin Injiniyancin Injuna: Tsari, Jigogin Bincike da Ƙalubale a Jami'o'in Arewacin Nijeriya

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin yadda ake gudanar da karatun digiri na biyu da na uku a fannin injiniyancin injuna a jami'o'in arewacin Nijeriya. An bibiyi tarihin fannin, da matakan karatun, da jigogin da bincike ya fi karkata gare su. An nuna cewa ƙarfin binciken yana cikin dogaro da albarkatun gida, rauninsa kuwa yana wurin ingancin awo da rashin hanyar da za ta kai samfuri daga ɗakin gwaji zuwa masana'anta.

1.0 Gabatarwa

Injiniyancin injuna fanni ne da ya ƙunshi zayyanawa da ƙerawa da kula da duk abin da ke motsi ko sarrafa zafi da ƙarfi, tun daga famfon ban-ruwa har zuwa injin jirgin sama. A digirin farko ana koya wa ɗalibi amfani da ƙa'idojin da aka riga aka tabbatar. A digiri na biyu da na uku kuwa, ana sa ran ya tunkari matsalar da ba a warware ba, ya tsara gwaji, ya auna, sannan ya kare sakamakonsa a gaban masana.

2.0 Tarihin Fannin

Koyar da injiniyanci a matakin digiri a Nijeriya ya faro ne a Zariya, a Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya, inda ɗalibai ke karɓar digirin Jami'ar Landan. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai ta gaji wannan tsangaya. Jami'ar Bayero ta Kano ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, daga baya aka buɗe jami'o'in fasaha na tarayya a Bauchi a 1980, da Yola a 1981, da Minna a 1983. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke tsara mafi ƙarancin sharuɗɗan karatu, hukumar COREN, wadda aka kafa da doka mai lamba 55 ta 1970, ita kuma ke yi wa injiniyoyi rajista.

3.0 Matakan Karatu

Matakai uku ne. Na farko shi ne difloma ta gaba da digiri, wadda ke zama gada ga masu babbar difloma ta ƙasa da masu ƙaramin sakamako a digirin farko. Na biyu shi ne digiri na biyu: ana fara shi da kwasa-kwasai irin su lissafin injiniyanci mai zurfi da dabarun bincike, a kammala da kundi. Na uku shi ne digirin digirgir, wanda ba ya gaza shekara uku ga mai karatu na cikakken lokaci, kuma sharaɗinsa shi ne a ƙara wa ilimi wani abu sabo.

Ɗalibi kan ƙware a ɗaya daga cikin rassa huɗu: makamashi da zafi, dabarun ƙira a masana'anta, kimiyyar ƙarafa da sauran kayan ƙira, ko zayyanar injuna. Yakan gabatar da ƙudurin bincikensa a taron ƙara wa juna sani na sashe, ya dawo da rahoton ci gaban aiki, ya kare kundin a cikin gida, kafin a gayyato mai jarrabawa daga wata jami'a.

4.0 Jigogin Bincike

4.1 Makamashi

Arewa mai nisa na samun kimanin kilowat-awa 6 na hasken rana a kan kowace murabba'in mita a kullum, don haka bincike kan na'urar busar da amfanin gona ya yawaita, musamman a Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato. Tumatir ya isa misali. Sama da kashi 90 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, kuma kauɗar da ake shanyawa a bakin titi tana kwasar ƙura da yashi. Mai bincike zai auna zafin iskar da ke shiga na'urar da wadda ke fita, da saurinta, da yadda nauyin tumatirin ke raguwa awa bayan awa. Dole kuma ya sa ƙurar hunturu cikin lissafi, domin tana kwanciya a kan gilashi ta rage hasken da ke ratsawa. Wani jigon shi ne haɗa man dizal daga man binidazugu ko na darbejiya, a gwada kaurinsa da ƙarfin da yake ba inji da hayaƙin da yake fitarwa.

4.2 Kayan Ƙira

A nan ne aka fi ganin basirar amfani da abin da ke kusa. Tokar ƙaiƙayin shinkafa tana ɗauke da sinadarin silika mai yawa, shi ya sa ake zuba ta cikin narkakken alminiyam, wanda ke narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyos, domin a ƙara masa tauri da juriyar gogayya. An kuma gwada ɓawon ƙwarar manja a matsayin madadin asbestos a takalmin birki, da ƙaro a matsayin abin ɗaure yashin zubi, da man gyaɗa wajen sanyaya jan ƙarfe don ya yi tauri.

5.0 Ƙalubale

5.1 Ingancin Awo

Darajar kowane kundi a wannan fanni tana rataye ne a kan awo. Na'urar gwada ƙarfin ƙarfe da ta daɗe ba a daidaita ma'auninta ba, za ta ba da alƙaluma masu kyan gani a takarda, amma ba su da amfani. Gwajin gajiyar ƙarfe kan buƙaci na'ura ta yi ta juyawa na tsawon sa'o'i ko kwanaki, ɗaukewar wuta a tsakiya kuwa na iya lalata shi. Tsadar gwaji kan sa ɗalibi ya auna samfuri ɗaya tak a inda ya kamata ya maimaita sau uku ko fiye, ta haka ba za a san girman kuskuren da ke cikin sakamakon ba. Kwaikwayon gwaji a kwamfuta da manhajoji irin su ANSYS da MATLAB yana rage wahala, sai dai sakamakonsa ba ya tsayawa da ƙafarsa har sai an gwada shi da awo na zahiri.

5.2 Kuɗi da Lokaci

Asusun TETFund, wanda dokarsa ta yanzu ta fito a 2011, yana ɗaukar nauyin karatun malaman manyan makarantu, asusun PTDF da aka kafa a 1973 kuma yana tallafa wa fannonin da suka shafi man fetur. Ɗalibin da bai shiga ɗayan rukunan biyu ba, daga aljihunsa yake sayen ƙarfe da sinadarai. Yajin aikin malaman jami'o'i na kusan wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 sun tsawaita karatun ɗalibai da dama.

5.3 Giɓi Tsakanin Jami'a da Masana'anta

Durƙushewar masaƙun Kakuri a Kaduna, da raguwar masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano, da rashin kammala kamfanin ƙarafa na Ajaokuta sun rage wuraren da za su kawo wa jami'a matsalolinsu. A ɗaya ɓangaren, maƙeran kasuwar Panteka a Kaduna suna ƙera injinan niƙa da na sussuka suna sayarwa kullum, galibi da ƙwarewar hannu da ido. Su suna da kasuwa, jami'a tana da lissafi da ma'auni, amma haɗuwarsu ba ta da yawa. Shi ya sa samfura da dama ke ƙarewa a ajiye a sashe bayan an kare kundi.

6.0 Shawarwari da Kammalawa

Abubuwa uku za su ɗaga darajar wannan karatu. Na farko, jami'o'in yanki guda su haɗa hannu wajen mallakar manyan na'urorin gwaji, da tsayayyar wuta da ƙwararrun ma'aikata masu daidaita ma'aunai. Na biyu, a riƙa samo batutuwan bincike daga wuraren da ke aiki yanzu, kamar kamfanonin siminti na Sakkwato da Ashaka, da injinan casar shinkafa na Kano da Kebbi, da maƙeran kasuwa, a kuma sa injiniya daga can cikin masu duba aikin. Na uku, kowane kundi da ya ƙera na'ura ya zo da cikakken zanen ƙira, da lissafin kuɗin haɗawa, da rahoton gwaji a hannun masu amfani da ita, yadda hukumar bunƙasa kimiyya da injiniyanci ta ƙasa, NASENI, ko wani maƙeri zai iya ɗaukar aikin ya ci gaba daga inda ɗalibin ya tsaya.