Talla da ɗaukar nauyi: inda kafofin labarai na intanet ke samun kuɗi

Mai karatu yana buɗe labari a wayarsa bai biya komai ba sai kuɗin intanet, amma akwai wanda ya biya. Ɗan jarida yana buƙatar albashi, da man babur, da wutar lantarki, da kuɗin hayar rumbun da ake ajiye labarai da hotuna. Hanyoyi biyu ne suka fi ɗaukar wannan nauyi a duniya: talla da ɗaukar nauyi.

Bambancinsu

Talla ita ce sayen fili. Ɗan kasuwa ya biya a nuna hajarsa a gefen labari ko a farkon bidiyo, na tsawon wani lokaci ko ga adadin wasu masu kallo. Ɗaukar nauyi kuwa yarjejeniya ce mai ɗan tsawo: kamfani ko ƙungiya ta biya kuɗin wani shiri, misali filin wasanni ko na farashin kayan abinci, a riƙa ambaton sunanta duk lokacin da aka gabatar da shi.

Asali

Dabarar ta girmi intanet da shekaru sama da 150. A 1836, Émile de Girardin ya fito da jaridar La Presse a birnin Paris. Ya sa kuɗin rajistar shekara faran 40, alhali sauran jaridu suna karɓar 80, ya cike giɓin da kuɗin talla. Arha ta jawo masu karatu, yawan masu karatu ya jawo ƴan kasuwa. A shekarun 1930, kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble suka riƙa ɗaukar nauyin wasannin kwaikwayo a gidajen rediyon Amurka, domin matan gida ne masu sauraro, su ne kuma masu sayen sabulu. A intanet, a watan Oktoba na 1994 mujallar HotWired ta fara sayar da filin talla mai hoto, kamfanin sadarwa na AT&T yana cikin masu saye na farko.

Yadda ake lissafi

Ana yin ciniki ta hanyoyi uku. Ta farko, a biya gwargwadon kallo dubu, abin da ake kira CPM. Ta biyu, a biya duk lokacin da wani ya latsa tallar. Ta uku, a yanke kuɗi tsayayye na mako ko na wata, yadda aka saba a rediyo.

Hanyoyi biyu na farko galibi ta hannun dillali suke bi, kuma babban dillali shi ne Google. Tsarinsa na AdSense, wanda ya fara a 2003, yana zuba talla da kansa, mai kafa ya samu wajen kashi 68 cikin 100 na abin da mai talla ya biya. Ba a turo kuɗin sai sun taru sun kai dalar Amurka 100 ko yuro 70, wato kusan jika 46 na sefa. YouTube ya fara raba kuɗin talla da masu bidiyo a 2007, yana ba su kashi 55 cikin 100 a kan dogayen bidiyo. A 2018 ya tsaurara sharaɗin shiga: mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin wata 12. Tsarin bai buɗe a kowace ƙasa ba. Najeriya, Ghana da Senegal suna cikin waɗanda yake aiki.

Me ya sa kuɗin ba su da yawa a yankinmu?

Farashin talla a intanet gwanjo ne. Ƴan kasuwa suna tayawa gwargwadon abin da suke sa ran mai kallo zai saya. Shi ya sa kallo dubu daga Faransa ko Amurka ya fi kallo dubu daga ƙasashen Sahel tsada nesa ba kusa ba. A ɗauka, don misali, ana biyan mai kafa dalar Amurka 1 a kan kallo dubu: sai an kalli tallar sau 100.000 kafin ya kai matakin da za a turo masa kuɗi. Ga ƙaramar kafa ta Hausa a Maradi ko Tawa, wannan ba zai biya albashin ko mutum ɗaya ba.

Saboda haka ciniki kai tsaye ya fi amfani. Kamfanonin waya, gidajen aika kuɗi, kamfanonin motocin safa, makarantu masu zaman kansu da masu jigilar alhazai duk suna neman mutanen gari, ba masu kallo na nesa ba. Kafar da ta san masu bin ta, ta kuma iya nuna adadinsu da garuruwansu, tana da abin sayarwa.

Hatsarin da ke ciki

Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Kafar da kamfani guda ke ciyar da ita za ta ji nauyin ba da labarin laifinsa, idan kuma ya janye, aikin ya tsaya. Biya gwargwadon latsawa yana jawo kanun labarai na zuzutawa da jita-jita. Akwai kuma tallar da ake sa wa rigar labari, mai karatu ya ɗauka bincike ne alhali an biya. Faransa ta kafa doka a watan Yuni na 2023 da ta tilasta wa masu tasiri a intanet su rubuta a fili cewa abin da suke nunawa talla ce. A Nijar, dokar yaƙi da shan taba ta 2006 ta hana tallar taba.

Masu aikin jarida suna kare kansu da ƙa'idoji kaɗan: a rubuta yarjejeniya, a sa wa kowace talla alama, a raba mai neman talla da mai rubuta labari, kada mai ɗaukar nauyi ya ga labari kafin ya fito, kuma a guji tallar magungunan da ba su da izinin hukuma.

Wasu hanyoyin

Ba kowa ne ya dogara da talla ba. Wikipedia, wadda aka kafa a 2001, ba ta ɗaukar talla. Da gudummawar masu karatu take tafiya. Studio Kalangou, wanda gidauniyar Hirondelle ta ƙasar Suwizalan ta buɗe a Yamai a 2016, ya tashi ne da kuɗin masu ba da tallafi. Tallafi ma yana da wa'adi, shi ya sa kafar da ta haɗa talla, ɗaukar nauyi da gudummawar masu karatu ta fi jure ranar da ɗaya daga cikinsu ya yanke.