Ƙararrawar Yoyon Mai a Gidajen Mai na Amurka: Abin da Mai Tsaron Kanta Ya Kamata Ya Sani

Da yawa daga cikinmu da suka zo Amurka, aikin kashiya a gidan mai suka fara samu, wasu ma Allah ya buɗa masu har sun kama nasu. Shi ya sa na ga ya dace in yi bayani a kan akwatin nan da ke maƙale a bangon ofis, wanda yake ƙara a tsakar dare mutum ya rasa abin yi.

Akwatin shi ne mai sa ido a kan tankunan da aka binne a ƙasa. Wanda na fi gani shi ne Veeder-Root TLS-350. A cikin kowane tanki akwai doguwar sanda mai auna yawan mai, da zafinsa, da ruwan da ya kwanta a gindi. Akwai kuma sensa a ramin da famfon tanki yake, da ƙarƙashin kowane famfon sayarwa, da tsakanin bango biyu na tanki. Hukumar kare muhalli, wato EPA, ta kafa dokokin tankunan a 1988, ta sabunta su a 2015. Dole a binciki yoyo aƙalla kowane kwana 30, kuma gwajin na'urar ya iya gano yoyon galan 0.2 a awa ɗaya. Kada a raina wannan: a wata guda ya haura galan 140 da ke gangarawa zuwa ruwan ƙasa.

Fitilu uku ne: kore na wuta, rawaya na gargaɗi, ja na ƙararrawa. In ka danna maɓallin ALARM/TEST ƙarar za ta yi shiru, amma matsalar tana nan daram. A ganina nan ne mutanenmu suka fi shiga rigima, a danna a koma kan ciniki. Ka karanta allon, ka fitar da takardar, ka rubuta lokaci, ka kira mai gida.

In allon ya nuna FUEL ALARM, wani ruwa-ruwa ya taɓa sensa. Sau da yawa ruwan sama ne ko narkakkiyar ƙanƙara ta shiga ramin saboda murfi ya saki, amma sensa mai sauƙi ba ta bambance ruwa da fetur, don haka sai an buɗe an duba. Kada ka ɗaga sensar daga gindin ramin don ta yi shiru. Mai binciken jiha zai gani, kuma laifi ne. SENSOR OUT kuwa galibi waya ce ta katse ko sensar ta mutu. HIGH WATER na nufin ruwa ya taru a tanki, kuma da fetur mai gaurayen etanol hakan na iya ɓata man gaba ɗaya har motocin mutane su tsaya. Gwaji yakan faɗi in an yi shi da zarar tanka ta sauke mai, domin zafin man bai daidaita ba, ko kuma in ana sayarwa a lokacin. In fetur ya koma fita a hankali a dukkan famfunan iri ɗaya, wataƙila na'urar tsaron bututu ce ta taƙaita shi. An yi ta don ta kama yoyon galan 3 a awa. Sanyin hunturu ma yakan ruɗe ta, amma ma'aikaci mai lasisi ne zai tabbatar.

Ƙa'idar tarayya ita ce a sanar da hukumar jiha cikin awa 24 in ana zargin yoyo. Kashiya shi doka ke kira Class C, dole a koya masa inda maɓallin kashe famfuna na gaggawa yake. In ka ji warin fetur mai ƙarfi ko ka gan shi a ƙasa, danna maɓallin, fitar da mutane, ka kira 911 kafin ka kira mai gida. Takardun gwajin wata-wata kuma a adana su aƙalla shekara ɗaya, a wurin da zafi ba zai goge rubutun ba.