Rafin da ya kusa haɗiye dajin Muir Woods

Kimanin kilomita 20 arewa da birnin San Francisco na Amurka, akwai wata hanyar ƙafa da ke bin gaɓar rafin Redwood Creek, tana ƙetare ƙananan gadoji har ta kai kurmin Cathedral Grove. Itatuwan da ke wurin, waɗanda ake kira redwood, sai mutum ya dafe hularsa kafin ya hango ƙarshensu. Mafi tsawo ya kai wajen mita 78, akwai kuma wanda ya haura shekara 1,000 a tsaye. Ɓawonsu ja ne mai kauri, wuta ba ta cinsa da sauƙi, da rani kuma hazon teku ke shayar da su.

Bayan rububin zinariya na 1849, masu yankan katako sun yi wa irin waɗannan dazuzzuka ƙarƙaf a gaɓar Kalifoniya. Kwarin Redwood Creek ya tsira ne kawai don fitar da gungume daga cikinsa aiki ne ja. A 1905 attajiri William Kent da matarsa Elizabeth suka sayi eka 611 a kan dala 45,000.

Sai girgizar ƙasa da gobara suka ragargaza San Francisco a 1906, ruwa da katako suka yi daraja. Kamfanin ruwa na North Coast ya garzaya kotu a 1907 yana neman a ƙwace filin, ya datse rafin ya yi madatsa. Da hakan ta tabbata, da inda masu yawon buɗe ido ke takawa yau yana ƙarƙashin tafki. Kent ya yi musu shigar sauri: ya ba gwamnatin tarayya kyautar eka 295, shugaba Theodore Roosevelt kuma ya ayyana wurin a matsayin abin tarihi na ƙasa ranar 9 ga Janairu, 1908. Da aka so sa wa dajin sunan Kent, ya ƙi, ya zaɓi na John Muir, masanin halittun daji. (Ba wanda ya tuna da mutanen Miwok, masu ƙasar tun fil azal.)

Ranar 19 ga Mayu, 1945, wakilan da suka zo kafa Majalisar Ɗinkin Duniya sun taru a kurmin Cathedral Grove don tunawa da shugaba Franklin Roosevelt.

Abin mamaki, wahalar da rafin ya sha daga baya daga hannun masoyansa ta fito. A shekarun 1930 ma'aikatan gwamnati suka jera manyan duwatsu a gaɓarsa don hana zaizaya, ana kuma kwashe duk iccen da ya faɗa ciki, wai tsafta. Ruwa ya miƙe sak, guraben da 'ya'yan kifin salmon ke fakewa suka ɓace, kifin ya yi ƙaranci ainun. A 2019 aka fara cire duwatsun ana mayar da gungume cikin ruwa.