Yadda Ake Auna Jarin Waje Tsakanin Ƙasashe

Sau da yawa 'yan'uwa kan tambaye ni ko kuɗin da muke aikawa gida yana cikin abin da ake kira jarin waje na kai tsaye. Amsa ita ce a'a, amma da sauran bayani.

Bisa ƙa'idar Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ƙungiyar OECD, sai mutum ya mallaki aƙalla kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un masu hannun jari a kamfanin wata ƙasa. Kuma inda yake zaune ake dubawa, ba fasfonsa ba. Ɗan Kano da ya zauna shekara ɗaya ko fiye a Jidda ko Landan, kuɗin cefanen da ya tura wa mahaifiyarsa ba jari ba ne. Amma in ya gina gida a Kano da sunansa, a ƙa'ida jarin waje ne, ko da yake da wuya ya shiga lissafin hukuma.

Aikin injiniya ya koya mini tambayar inda aka ɗauki awo. Alƙaluman galibi suna nuna ƙasar da kuɗin ya biyo daga ƙarshe, ba ƙasar mai kuɗin ba. Shi ya sa Holan da Luksamburg kan fito da jarin da ya fi ƙarfin tattalin arzikinsu.