Yadda Sikeli Ya Shiga Ɗakin Awon Ciki

Ɗora mai juna biyu a kan sikeli al'ada ce da ta samo asali daga tsoron haihuwa mai gardama. A Turai ta ƙarni na 19, mata da yawa ƙugunsu a tsuke yake saboda ciwon ƙashi na ƙuruciya, tiyatar ciro jariri kuwa sau da yawa ajali ce. Shi ya sa a 1889 wani likitan Jamus, Ludwig Prochownick, ya fito da tsarin rage wa irin waɗannan mata ruwa da abinci mai sitaci a ƙarshen ciki, don kada ɗan ya yi girman da zai kasa fitowa.

Likitocin Amurka suka ɗauki wannan tunani suka ƙara masa wani dalili. Sun lura cewa matan da jijjiga ke kamawa sukan yi nauyi farat ɗaya, sai suka ɗora wa ƙiba laifi, alhali kumburi ne, ruwa ne ya taru a jiki. Shekaru da dama aka yi ana hana mata ƙara fiye da kilo 7 zuwa 9.

Yunwar da ta afka wa yammacin Holan a hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin mamayar Jamus, ta nuna illar wannan ƙwauro. Matan da yunwar ta riska a watannin ƙarshe sun haifi jarirai da nauyinsu ya ragu da kusan giram 300. Waɗanda ta riska suna sabon ciki kuma, 'ya'yansu sun fi fama da ciwon zuciya bayan sun manyanta. Duk da haka likitoci ba su saki tsohuwar hanya da wuri ba. Sai a 1970 aka sassauta a Amurka.

A 1990 aka fara la'akari da jikin da mace ta shiga ciki da shi, aka sake gyara ma'aunin a 2009. Ramammiya, wadda ke fuskantar haihuwar bakwaini ko ƙaramin jariri, ana so ta ƙara kilo 12.5 zuwa 18; matsakaiciya 11.5 zuwa 16. Mai teɓa sosai kilo 5 zuwa 9 sun ishe ta, domin ita ciwon suga, hawan jini da haihuwa ta hanyar tiyata ne suka fi yi mata barazana.