Iska na tuƙi, hannu na gyaran kifi

Wani direba da ke yada zango a shagon ɗana nan Sigidin, kan hanyar Dirku zuwa Madama, ya tarar da ni ina fasa bandar da aka aiko mini daga Difa, ina shinshinawa ina warewa gefe. Ya ce, "Baba, kifi ai kifi ne, me kuke nema a ciki?" Ban tanka masa ba, don wanda kifinsa na gwangwani ne ba a gardamar banda da shi. A garin gishiri da dabino tsufa ya ajiye ni, amma ni masunci ne, a Tafkin Cadi na ci ƙarfina. Abin da hancina ke nema shi ne ko an fasa cikin kifin nan da sauran ransa, ko sai da ya kumbura. Warin hanji ba ya ɓuya, ko da an yi mako ana masa hayaƙi.

Maigidan da ya koya mini Bakabe ne, daga ƙasar Argungu, cikin waɗanda suka bi labarin kifi zuwa gabas lokacin da kallin nailan ya shigo, farkon shekarun 1960. Ruwa a lokacin ya kai murabba'in kilomita 25,000, Gigimi tana bakin gaɓa. Buduma na yawo a jiragensu na ciyawa, mu muna da na katako. Inji kuwa sai jirgin hukuma da na manyan fatake. Abin da ke kai mu ya dawo da mu buhunan gari ne da muka farke muka ɗinke da basilla, aka ɗaura a gora biyu.

Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, ta yi ƙarfi da hantsi, ta lafa bayan azahar. A kan wannan muka tsara yininmu. Da la'asar mu saka kalli, mu kwana a tsibiri, da asuba mu ɗebe. Hantsi na yi a ɗaga zane, a ba iska baya, a nufi gaɓar yamma, wajen Baga ko Malam Fatori. Maigida na zaune a ƙarshen jirgi, filafili a hammata yana gyara hanya, igiyar zane naɗe a babban yatsan ƙafarsa. Ni ina tsakiya, katako a cinya, wuƙa a hannu. Tunda ba mai tuƙi, ba hannun da ke da hujjar zama banza.

Kuma ba wanda ya zo hannu ake ɗauka ba. Tsage da shemani ake farawa da su, don cikinsu ba ya jiran kowa. Sai giwan ruwa: a kankare ɓawo, a tsaga daga ƙasa zuwa maƙogwaro da bakin wuƙa a sama, a zaro kayan ciki gaba ɗaya ba tare da an taɓa matsarmama ba, in ta fashe ɗacin ya bi naman ke nan. Kitsen ciki a kwano yake zuwa, da shi ake miyar dare. Kurungu sai ka karya ƙayoyinsa uku kafin ka yi masa komai. Tarwaɗa ce ta ƙarshe, ita ko a ɗan ruwan gindin jirgi tana iya yini da rai, sai an kusa gaɓa a goge yauƙinta da toka. Ruwan cikin jirgi ba a wanke nama da shi, sai ka miƙa hannu waje. Ko ban ɗago kai ba ina jin idonsa a kaina. In ya ce, "Yaro, wuƙar taka barci take?" to na san iska ta fara sanyi kuma kwando bai cika ba. Yana da wata doka, ba a zubar da hanji inda za a sake saka kalli, wai kada kan biyo wari ya yaga. Ni dai na fi zaton so yake mu yi nisa kafin a ga inda muka samu kifi.

Gishirin nan da nake takawa kullum ya tuna mini wata rigima. Wasu ma'aikata sun taɓa zuwa sansaninmu da koyarwar a riƙa barbaɗa wa kifi gishiri a shanya, wai ya fi banda daɗewa. Gishiri kam ba wuya, raƙuma na sauko da na Bilma har Gigimi. Maigida ya saurare su har suka gama, sannan ya ce su kai buhu ɗaya Anaca su sayar, in sun dawo da kuɗi zai bi su. Mutanen kudu ƙaurin wuta suke saye. Mu da mun sauka kifinmu yankakke ne, a ɗan sha iska, a jera a kan busasshiyar ciyawa a cinna, a juya, a shanya. Kafin rana ta faɗi an gama.

Farin 1973 ne ya fara kashe zane, ba inji ba, wannan gaskiyar zan faɗa ko ba ta yi mini daɗi ba. Tafki ya rabu biyu, ɓangaren arewa ya ƙafe, 1984 ta zo ta ƙara. Giwan ruwa da shemani suka yi ƙaranci, aka bar mu da tarwaɗa da karfasa da bargi. Fili ya koma lunguna cikin ciyawa, inda iska ba ta da hanya. Tarkon gura ya shigo daga wajen mutanen Mali, aka jera dumba aka tare mashigar ruwa, Yamaha ya cika Doron Baga. Ban ƙi inji ba, ya ceci rayuka ranar hadari. Abin da na ƙi shi ne yadda ya raba kamu da gyara. Yaro hannunsa ɗaya a kan inji, idonsa a kan mai, kifi tuli a rana da hanjinsa, sai an iso a zube wa masu gyara, su kuma kuɗin kwando suke ƙirgawa. Da tsutsa ta fito sai a yayyafa fiya-fiya a rufe kwali, a tura Maiduguri mutane su ci.

A 2015 aka kwashe mutane daga tsibiran Nijar, aka hana cinikin kifi a jihar Difa, mai ma ya zama abin ɓoyo. Masu zuwa daga can sun ce mini yaran da suka koma ruwa daga baya da filafili da gora suke fama tun safe har kafaɗa ta mutu, hunturu na kaɗawa a bayansu. Ga buhun leda ko'ina a kasuwa, wanda ya fi namu na da sauƙin nauyi, ba ya kuma shan ruwa, amma ba wanda ya nuna musu inda ake ɗaura gora ta biyu.