Wasiƙa da Amsarta: Daga Infaƙul Maisuri Zuwa Imel

Wannan maƙala ta dubi wata tsohuwar matsala a sha'anin wasiƙa, wato yadda ake gane takardar da kowace amsa take mayar wa martani. Daga wajen 1808, Shehu Alkanemi ya riƙa musayar wasiƙu da shugabannin jihadi, yana neman hujjarsu ta yaƙar Borno alhali mutanenta Musulmi ne. A cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, Muhammadu Bello ya kawo maganar Alkanemi, sa'an nan ya biyo ta da raddi. Da raddin kaɗai ya iso gare mu, da mun ji hukunci ba mu ji ƙara ba.

Manhajar imel ma wannan hanya ta bi. Bisa ƙa'idar RFC 822 ta 1982, saƙo yakan ɗauki lambar shaida, amsa kuwa ta ambaci wannan lamba. Da ita manhaja take jera zance. Idan lambar ta ɓace, sai manhaja ta dogara da kan magana kurum, har amsa ta faɗa cikin wata muhawarar daban. Saboda haka, wajibi ne mai adana saƙonnin malamanmu na yau ya adana su tare da lambobinsu.